YADDA MA'AIKATAN RELUWE SUKA ƘWACI HAKKINSU

Daga Wakilinmu na Arewa

Tun daga 1912 da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, shi ne ya riƙa sauke 'yan Arewa a tashar Iddo, ya kawo shanu da gyaɗa da fatu, ya koma da goro da gishiri da atamfa. Amma mutanen da ke tuƙa jirgin, da masu zuba masa gawayi, da leburorin da ke gyaran dogo cikin rana da ruwa, sun daɗe suna aikin wahala a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Bature mai irin aikinsu kuwa, albashinsa daban, gidansa daban, hutunsa daban.

Da Gwamnatin Turawa ta yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1938, ma'aikatan reluwe ne suka fara kai ƙungiyarsu aka yi mata rajista a 1940. Shugabansu shi ne Michael Imoudu, mutumin Ora ta jihar Edo ta yanzu, wanda ya koyi aikin ƙarfe a ma'aikatar jiragen ƙasa ta Ebute Metta.

Abin da suka fara tasa wa gaba shi ne tsarin biyan lada bisa awa, wanda ya riƙa zaftare wa ma'aikaci kuɗinsa. A 1941 Imoudu ya ja dubban ma'aikata a ƙasa tun daga Ebute Metta har gidan Gwamna Bourdillon, suka kai kukansu baki da baki. Aka soke tsarin. A lokacin kuma ana Yaƙin Duniya na Biyu, kayan masarufi sun yi tsada ƙwarai, don haka suka nemi a ba su kuɗin tsadar rayuwa, wanda ma'aikata suka laƙaba wa suna "kola". A 1942 aka fara biya.

To, Turawa ba su yafe wa Imoudu ba. A 1943 aka kore shi daga aiki, aka tsare shi a Binin, sa'an nan aka kai shi Auchi. Bai sake taka Ikko ba sai a watan Yuni na 1945, ya kuwa tarar tura ta kai bango. Farashi ya ci gaba da hawa, kuɗin kola yana nan inda aka bar shi. Ƙungiyoyin ma'aikata suka nemi a ƙara kashi 50 cikin 100 a kansa, kuma kada a biya lebura ƙasa da sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta ce babu kuɗi.

Waɗansu shugabannin ƙwadago sun so a ɗaga yajin aikin da aka shirya, Imoudu ya ce atafau. Da tsakar daren 22 ga Yuni 1945 jiragen ƙasa suka yi ta busa a Ikko, wato alamar an ajiye aiki. Ma'aikata fiye da 30,000 suka bi sahu, har da na tashar jiragen ruwa da na gidan waya. Labari ya bi dogo ya kai Badun, Kaduna, Zariya, Kano, Inugu da Fatakwal. Kaya suka yi cirko-cirko a tashoshi.

Abin lura a nan shi ne ba ma'aikata kaɗai suka ɗauki nauyin ba. Matan kasuwar Ikko sun taimaka da abinci da bashi, waɗansu masu gidajen haya suka ɗaga wa 'yan yajin ƙafa. Jaridun Azikiwe guda biyu, West African Pilot da Daily Comet, sun goyi bayansu har Gwamnati ta rufe su. Kwana 44 aka yi a Ikko, a waɗansu garuruwan ma an fi haka. Daga bisani aka naɗa hukumar bincike ta Tudor Davies, wadda a 1946 ta ce a ƙara kashi 50 ɗin nan da aka yi ta gardama a kansa.

Wannan hanya da 'yan reluwe suka share ita aka bi a yajin 1964, da na 1981 wanda ya kai ga tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 125 a wata zamanin Shugaba Shehu Shagari. Imoudu ya rasu a 2005 yana da shekara fiye da 100, akwai kuma cibiyar nazarin ƙwadago mai ɗauke da sunansa a Ilori.

Yau yawancin kayan da jirgin ƙasa ke ɗauka a dā sun koma kan titi. 'Yan'uwanmu da yawa a Kudu a nan abincinsu yake: direbobin tirela da tanka a Apapa, yaran mota, masu lodi da 'yan dako a kasuwanni. Da yawansu babu takardar ɗaukar aiki, babu ranar hutu, in an yi haɗari kuwa sai dai 'yan'uwa su yi karo-karo. Ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa tana nan tun 1978, kuma kullum ana yankar tikiti a tasha.

Don haka ya kamata mai yankar tikitin nan ya san ƙungiya tasa ce. Ya sa a rubuta sunansa, ya karɓi kati, ya je taro, ya tambayi inda kuɗinsa ke shiga da abin da za a yi wa iyalinsa in ya kwanta ciwo. 'Yan reluwen 1945 ba ƙabila ɗaya ba ne, ba addini ɗaya ba ne, amma da suka ajiye aiki rana ɗaya, dole aka saurare su. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.