Gadon Da Ba A Raba Shi: Makantar Launi A Gidanmu

Kakana na wajen uwa marini ne a birnin Kano, kuma babu wanda ya taɓa kushe rininsa, domin shuɗin baba ba ya ɓuya ga idonsa. Sai dai duk ranar da ya sayo tumatir, yakan haɗo ɗanye da nunanne, a yi ta raha ana cewa tsufa ne. Ni kuwa a firamare na sha bulala saboda na shafa wa ganye ruwan ƙasa a darasin zane. Sai da na shiga jami'a na gane cewa ni da kakana idonmu ɗaya.

Wannan lalura ita ce makantar launi, wadda galibi ke hana mutum bambance ja da kore. Ƙwayoyin gadon da ke haddasa ta suna kan kuromosom X, wanda namiji ke samu daga uwa kaɗai. Shi ya sa uba ba ya ba ɗansa, sai dai ta bi ta 'yarsa ta sauka kan jika. A tsakanin Turawa tana shafar kusan namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. John Dalton, masanin kimiyya na Ingila, ya bayyana ta a 1794, bayan ya lura da ita a kansa da ɗan'uwansa.

A matsayina na manazarcin harshe, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda harshe ke rufa mata asiri. Yaro ya haddace cewa jini ja ne, ciyawa koriya, sai ya riƙa faɗin sunan daidai alhali idonsa bai shaida ba. Ta haka lalurar ke shekaru a gida ba a sani ba.

Bara asirin ya tonu a kan ɗan ƙanwata. Bayan iyayensa sun sayar da gona don ya koyi tuƙin jirgin sama, gwajin ido ya mayar da shi gida. Gwajin nan kuwa, wanda likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917, mintoci kaɗan yake ɗauka.

Makantar launi ta gado ba ta da magani, amma saninta da wuri yana hana asara. Ya kamata hukumomin ilimi su sanya gwajin a firamare, malamai su ajiye bulala, iyaye kuma su binciki tarihin dangin uwa. Ni dai na riga na zaunar da 'yata na yi mata bayani, domin jikokin da Allah zai ba ni.