Hannu ɗaya bisa littafin lissafi: yadda ake hana ayyukan salula cin karo da juna

Wayar salula ta zamani ba aiki guda take yi a lokaci guda ba. Tana karɓar saƙo, tana sauko da hoto, tana kuma sauraron yatsan mai ita bisa allo. Masu rubuta manhaja, wato tsarin umurnin da waya ke bi, suna raba waɗannan ayyuka gida-gida, ko wane da nasa layin umurni. Shi wannan layi suna kiran shi zare. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma gaskiya ne, yawan zare shi ke sa waya sauri. Amma akwai wurin da yawan hannu ke ɓata aiki.

A ɗauki misalin ma'ajiyar ƙungiyar manoma mai malaman lissafi biyu da littafi guda. Cikin asusu akwai jikka 10. Na farko ya zo rubuta jikka 5 da aka kawo, na biyu ya zo cire jikka 3. Dukansu sun duba sun ga 10. Na farko ya rubuta 15. Na biyu, da yake 10 ya gani, sai ya goge ya rubuta 7. Lissafin gaskiya 12 ne. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya kasa ƙidaya, amma jikka 5 ta salwanta. Haka yake faruwa cikin waya in zare biyu suka taɓa ajiya guda tare. Masana na kiran wannan cuta rige-rige. Muguntarta ita ce ba ta bayyana kullum: a gwada manhaja sau dubu lafiya lau, ran da ta shiga hannun jama'a sannan ta yi ɓarna.

Cutar ta girmi salula, kuma ta ci rayuka. Tsakanin 1985 da 1987, a Amurka da Kanada, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa majinyata 6 haske fiye da kima, wasu daga cikinsu suka rasu. Bincike ya nuna rige-rige na cikin dalilan: in ma'aikaci ya gyara umurni da sauri ƙwarai, wani sashen na'urar ba ya ganin gyaran. Ran 14 ga Agusta 2003 kuma, irin wannan aibi ya toshe ƙararrawar gargaɗi ta wani kamfanin lantarki a jihar Ohayo, ma'aikata ba su farga da matsalar layukansu ba, har mutane wajen miliyan 50 suka rasa wuta a ƙasashen biyu.

Magani iri biyu ne. Na farko shi ne kwaɗo. Zaren da zai taɓa ajiya ya kulle, ya gama, ya buɗe. Saura su jira. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya shimfiɗa ƙa'idar wannan hanya tun 1965. Sai dai kwaɗo na da nasa haɗari. In zare ɗaya ya riƙe makullin ɗakin gero yana jiran na ɗakin dawa, ɗaya kuma ya riƙe na dawa yana jiran na gero, to an yi cirko-cirko, waya ta sandare ke nan.

Na biyu shi ne layi. A danƙa littafi ga malami guda, duk mai bukata ya miƙa takardarsa, a bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suka iso. Ba a fara ta biyu sai ta farko ta ƙare. A misalin ɗazu, 10 za ta koma 15, sannan 15 ta koma 12. Kamfanin Apple ya fito da wannan tsari cikin kayan aikinsa mai suna Grand Central Dispatch a 2009, ya kai shi wayar iPhone a 2010. A 2021 ya ƙara wa harshen rubuta manhaja na Swift wata dabara wadda ke sa ko wace ajiya ta zama da mai tsaronta, ba a taɓa ta sai ta hannunsa. Swift 6 na 2024 yana iya ƙin rubutun da ke da wannan haɗari tun kafin ya zama manhaja.

Wayoyin Android da iPhone duka suna da doka guda game da allo: zare ɗaya tak, wanda ake kira babban zare, shi ke da ikon canza abin da ido ke gani. Sauran zare in sun gama aikinsu, sai su aika masa sakamako ya shiga layi. Amma ba a ɗora masa kaya mai nauyi. Allon da ke sabunta hoto sau 60 cikin daƙiƙa guda bai ba shi fiye da kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa ga ko wane hoto ba. In kuwa ya yi daƙiƙa 5 bai amsa taɓawar yatsa ba, Android na fito da sanarwa cewa manhaja ta daina amsawa, ta tambayi mai waya ko a rufe ta.

Layi na rage sauri, shi ya sa gwanin aiki ba ya sa kome da kome ciki. Sauko da hotuna goma na iya tafiya tare, tun da ba su haɗa ajiya ba. Abin da aka yi tarayya a kai, kamar asusun kuɗi ko jerin sunaye, shi ake tsarewa.

Yau ana biyan kuɗin wuta, ana aika wa iyali kuɗin cefane, ana ƙidayar jama'a da salula. Saboda haka ma'aikatar da za ta ba da aikin rubuta manhaja, bai isa ta duba kyan allo da saurin aiki kaɗai ba. Ya kamata ta tambayi masu aikin: in bukata biyu suka iso asusu guda a lokaci guda, wace ce za ta jira, kuma wa ke riƙe da littafin? Rigakafi ya fi magani.