Yadda zinari ke maye gurbin zaiba a masana'antun roba

Shekaru aru-aru masana kimiyya sun ɗauki zinari a matsayin ƙarfen da ba ruwansa da sauran sinadarai, domin ba ya tsatsa, ba ya kuma sauya launi.

Amma yanzu ƙananan ƙwayoyinsa na taimakawa wajen kawar da gubar zaiba daga masana'antun da ke haɗa robar PVC, wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita.

Mene ne katalis?

Katalis wani abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

Masana'antu sun fi son katalis mai tauri, wanda iska ko ruwan sinadari zai ratsa ta kansa ya wuce, saboda raba shi da abin da aka haɗa ba ya da wuya.

Da yake a fuskar katalis ɗin aikin ke gudana, ƙanƙantar ƙwayoyinsa na ƙara yawan fuskar da sinadarai za su taɓa.

Ana auna irin waɗannan ƙwayoyi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan dubu na mita.

A shekarar 1987 wani masani ɗan Japan, Masatake Haruta, ya nuna cewa ƙwayoyin zinari masu faɗin nanomita 5 ko ƙasa da haka na iya sauya iskar kabon monoksaid mai guba, ko da a cikin tsananin sanyi.

Matsalar zaiba

A China, akasarin sinadarin binil kuloraid, wanda shi ne tushen PVC, ana haɗa shi ne daga iskar asetilin, irin wadda masu walda ke ƙonawa.

An daɗe ana amfani da katalis mai zaiba a wannan aiki, kuma zafi kan sa wani ɓangare na zaibar ya tsere zuwa cikin muhalli.

Duniya ta ga illar hakan a garin Minamata na Japan, inda aka gano wata cutar jijiyoyi a 1956, bayan da wata masana'anta mai amfani da katalis na zaiba ta riƙa zubar da dagwalonta a teku.

Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar taƙaita amfani da zaiba da ƙasashe suka amince da ita a 2013, wadda ta fara aiki a 2017.

Mafita

Tun a 1985 Graham Hutchings, masani ɗan Biritaniya, ya yi hasashen cewa zinari zai fi zaiba iya wannan aiki.

Daga bisani kamfanin Johnson Matthey ya haɗa kai da shi, suka samar da katalis na zinari da aka shimfiɗa a kan gawayi, aka kuma fara sarrafa shi a birnin Shanghai.

A 2017 ayarin Farfesa Hutchings a Jami'ar Cardiff ya gano cewa a wannan aikin, ƙwayoyin zarra na zinari da ke zaune ɗai-ɗai ne ke aiki, ba waɗanda suka dunƙule ba.

Tsadar zinari ce babbar matsala, don haka ake zuba kaɗan ƙwarai, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyin katalis ɗin, sannan a sake tace shi idan katalis ɗin ya gaji.