Ka warke daga ciwon daji tun kana yaro? Kada ka manta da huhunka

Mai karatu, a ce kai ɗan Wusasa ne, shekarunka talatin. Kun fita da abokai za ku hau dutsen Kufena, ba ku yi rabi ba ka tsaya kana haki, su kuwa ko a jikinsu. Ga wani busasshen tari da ke dawo maka duk hunturu. A kemis an ce sanyi ne, wani ya ce asma ce, wani ya ce ka je a gwada tibi. Abu ɗaya ne ba wanda ya tambaye ka, kai ma ba ka faɗa ba: lokacin da kake ɗan shekara shida an kwantar da kai a asibiti wata da watanni, ana maka maganin ciwon daji.

To, wannan tsohon labarin yana iya zama shi ne bakin zaren.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe da dama irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa aƙalla kashi 60 nan da 2030. Ka ga ke nan masu warkewa za su ƙaru a cikinmu, kuma dole mu san abin da ke jiransu idan sun girma.

Me ya haɗa maganin daji da huhu?

Huhu ba ya gama ginuwa a cikin uwa. Ƙananan jakunkunan iska da ke cikinsa, inda oksijin ke ratsawa ya shiga jini, suna ci gaba da yawaita a shekarun yarinta, kuma ƙarfin numfashi ba ya kai ƙololuwa sai mutum ya haura shekara 20. Duk abin da ya taɓa huhu a wannan tsakanin, kamar ka taɓa gini ne tun siminti bai bushe ba.

Abubuwa uku ne kan gaba. Na farko gashi, wato rediyoterafi, idan an haska ƙirji. Ana yin haka ga wasu masu dajin kaluluwa na Hodgkin, da yaran da dajin ƙoda na Wilms ya bazu zuwa huhunsu. Hasken yana kashe daji, amma yana iya barin tabo a huhu, ya kuma rage girman haƙarƙari da ƙashin baya, sai kejin ƙirjin ya tashi a matse.

Na biyu wasu magungunan kemo. Wanda aka fi sani shi ne bleomycin, wanda Hamao Umezawa ya gano a Japan a shekarun 1960. Yawancin sassan jiki suna da sinadarin da ke karya wannan magani, huhu da fata kuwa nasu kaɗan ne, shi ya sa ya fi yi musu illa. Akwai kuma busulfan da carmustine. Na uku tiyatar ƙirji, musamman idan an cire wani yanki na huhu.

Amma fa ba kowa ne ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda ya daɗe yana cikin waɗanda suka fi kama yara a Najeriya, galibi ba a haɗa masa da bleomycin ko gashin ƙirji. Don haka tambayar ita ce: wane magani aka ba ka?

Illar tana zuwa a ɓoye

A 2013 masu bincike na asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka sun wallafa sakamakon gwajin manya 1,713 da suka yi ciwon daji suna yara. Cikin waɗanda aka yi wa magani mai taɓa huhu, kusan kashi 65 cikin ɗari gwaji ya nuna aikin huhunsu ya ragu. Da yawansu ba su san da matsalar ba sai da aka auna su. Dalili kuwa, huhu yana da rara. Kana iya rasa wani kaso na ƙarfinsa kana harkokinka lafiya lau, sai ranar da shekaru ko wata cuta suka cinye rarar.

A nan Zariya masu cin rarar suna da yawa: ƙurar hunturu, hayaƙin itace a madafa, hayaƙin janareta, taba da shisha. Ga kuma tibi. Tabon da gashi ya bari yana iya kama da tabon tibi a hoton ƙirji, kuma wanda ya warke daga daji yana iya kamuwa da tibin na gaske. Shi ya sa gwajin kaki yake da muhimmanci kafin a fara shan magani na wata shida. Ba ma nesa da masana wannan fanni, tunda cibiyar horaswa ta ƙasa kan tibi da kuturta tana nan Saye.

To, me za ka yi?

Fara da neman tarihinka. Tambayi Mama ko Baba, ko duk wanda ya yi jinyarka: wane irin daji ne, a wane asibiti, an yi gashi, a wane sashen jiki? Idan tsohon katin yana nan a ƙasan akwati, ɗauki hotonsa da waya yau ɗin nan.

Duk likitan da ka je wurinsa, ko a asibitin St. Luke na Wusasa ne ko a asibitin koyarwa na Shika, faɗa masa tun kafin ya tambaya. Mun san mutanenmu ba sa son ambaton wannan ciwo, wasu iyayen ma ɓoyewa suke yi don gudun kada a ƙi auren ɗansu ko 'yarsu. Amma ɓoye wa likita cutar kai ce.

Nemi a tura ka gwajin numfashi. A wanda ake kira sifirometiri, za ka cika ƙirji ka hura iska da ƙarfi cikin bututu, na'ura ta auna yawanta da saurinta. Akwai wani gwajin daban da ke auna yadda iska ke ratsawa zuwa jini, wanda yakan gano illar bleomycin ko da na farkon ya fito lafiya.

Idan an taɓa ba ka bleomycin kuma za a yi maka tiyata, lallai ka sanar da likitan da ke sa barci, domin oksijin mai yawa fiye da kima yana iya tayar da ciwon huhun.

Sai kuma kariya. Kada ka kusanci taba ko shisha, domin wanda aka gasa wa ƙirji haɗarin dajin huhu ya fi yawa a kansa idan yana sha. 'Yar'uwa, idan ke ce mai girki, ki yi a sarari inda iska ke kaɗawa, ko ki koma gas in da hali. Sa takunkumi ranar da hazo ya yi yawa, ka tambayi likita batun rigakafin nimoniya, ka kuma riƙa motsa jiki daidai ƙarfinka.

Tabon da ya riga ya zauna a huhu ba ya gogewa, amma ana iya kare abin da ya rage, kuma gano shi da wuri ya fi. Idan ɗanka ne ake wa magani yanzu, ka roƙi likita ya rubuta maka sunayen magungunan da adadinsu ranar sallama, ka adana takardar kamar takardar gona. Wata rana za ta yi masa amfani.

Allah Ya ƙara mana lafiya.