Allurar Gaggawa a Makaranta: Dalilin da Ya Sa Doka ke Kare Malamin da Ya Kai Ɗauki

Gabatarwa

Babu makarantar da za a rasa ɗalibin da ke rayuwa da magani, kama daga mai ciwon asma da mai farfaɗiya da mai ciwon sukari, har zuwa wanda jikinsa ba ya jituwa da wani nau'in abinci. Wata rana ciwo kan taso wa irin wannan yaro ana tsakiyar darasi, babu likita a kusa, sai malamin aji kaɗai. A nan ne malami kan shiga tsaka mai wuya. In ya ba da magani wani abu ya faru, iyaye na iya maka shi kotu, in kuwa ya tsaya jiran likita, yaron na iya rasa ransa. Wasu ƙasashe sun kafa dokoki domin cire wa malamai wannan fargaba, kuma hujjar waɗannan dokoki tana cikin ilimin yadda jikin ɗan'adam ke aiki, musamman game da ciwon da likitoci ke kira anafilaksis.

Mene ne anafilaksis?

Anafilaksis shi ne mafi tsananin borin da garkuwar jiki ke yi idan ta ci karo da wani abu da ta ɗauka abokin gaba ne, alhali ba ya cutar da sauran mutane. Abubuwan da suka fi haddasa shi sun haɗa da gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, da harbin ƙudan zuma ko rina, da kuma wasu magunguna irin su fenisilin. Masana biyu 'yan ƙasar Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su ne suka raɗa masa suna a shekarar 1902. Sun yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da nufin yi musu rigakafi, sai suka ga cewa 'yar ƙaramar allura ta biyu, bayan wasu makonni, ita ce ke kashe karen cikin ɗan lokaci. Wannan aiki ne ya jawo wa Richet lambar yabo ta Nobel a shekarar 1913.

A haɗuwar farko da abin da jiki ya ƙi, garkuwa kan ƙera wasu sinadaran kariya da ake kira IgE, waɗanda ke manne wa wasu ƙwayoyin halitta masu suna mast da ke cikin fata da huhu da hanji. Idan aka sake haɗuwa, sai waɗannan ƙwayoyi su zazzage sinadarin histamin da makamantansa gaba ɗaya. Daga nan sai jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, matsin jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska na huhu kuma su tsuke. Abin da malami zai gani shi ne ƙuraje irin na borin jini, da kumburin leɓe ko harshe, da dashewar murya, da numfashi da kyar, da amai, da jiri ko suma.

Babbar matsalar ita ce ƙurewar lokaci. Wani bincike da likita Richard Pumphrey ya wallafa a shekarar 2000, kan waɗanda wannan ciwo ya kashe a Birtaniya, ya nuna cewa matsakaicin lokacin da ke tsakanin haɗuwa da abin da tsayawar numfashi ko zuciya shi ne minti 30 idan abinci ne, minti 15 idan harbin ƙwaro ne, sannan minti 5 idan magani ne aka ba mutum. Ke nan sau da yawa kafin motar asibiti ta iso, mai aukuwa ta riga ta auku.

Aikin adirenalin

Maganin farko na wannan ciwo shi ne adirenalin, wanda a Amurka ake kira efinefirin. Sinadari ne da jiki da kansa ke fitarwa daga wasu 'yan ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda, shi ne kuma ke sa gaban mutum ya faɗi idan ya firgita. Idan aka yi allurarsa, yakan matse jijiyoyin jini matsin jini ya dawo, ya ƙara wa zuciya ƙarfin bugu, ya buɗe hanyoyin iska, kana ya rage zubar histamin. Ƙwayoyin maganin ƙaiƙayi irin su Piriton na iya rage ƙuraje, amma ba sa buɗe maƙogwaro, ba sa kuma ɗaga matsin jini, don haka ba sa maye gurbin adirenalin.

Domin sauƙaƙa wa wanda ba likita ba, an ƙera allura mai siffar biro, kamar EpiPen, wadda ke ɗauke da awon magani daidai: miligiram 0.15 ga yaro mai nauyin kilo 15 zuwa 30, da miligiram 0.3 ga wanda ya kai kilo 30 ko fiye. Ana danna ta ne a gefen cinya na waje, ko da ta saman wando. Bayan an yi allurar, a kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, sai dai in numfashi ya yi masa wuya a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. Idan babu sauƙi bayan kamar minti 5, ana iya yin ta biyu. Dole ne kuma a garzaya da shi asibiti, saboda ciwon kan dawo bayan wasu sa'o'i.

Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakanin kuskure biyu. Idan aka yi wa yaro allurar bisa zato alhali ba anafilaksis ba ne, galibi abin da zai biyo baya bai wuce bugun zuciya da sauri da rawar jiki da ciwon kai ba, kuma sukan wuce nan da nan. Idan kuwa ciwon ne aka ƙi yin allurar, sakamakon na iya zama mutuwa. A kan wannan ma'auni ne masu yin doka suka dogara.

Yadda dokokin suka samu

A shekarar 2003, wata ɗaliba 'yar shekara 13 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ta rasu bayan ta ci soyayyen dankali a ɗakin cin abincin makarantarsu, wanda ake kyautata zaton ya gauraya da ɓurɓushin cuku. Rasuwarta ce ta sa majalisar lardin ta zartar da dokar da aka sa wa sunanta, wato Dokar Sabrina, a shekarar 2005, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2006. Dokar ta wajabta wa hukumomin makarantu horar da ma'aikata da tanadar tsari na musamman ga kowane ɗalibi mai wannan lalura. Ta ba ma'aikaci damar yin allurar ko da babu izinin iyaye tun da farko, matuƙar yana da dalilin zaton anafilaksis ne. Bugu da ƙari, ta hana neman diyya daga wanda ya yi aikin da kyakkyawar niyya, sai fa in an tabbatar da mummunan sakaci.

A Amurka, Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu kan wata dokar tarayya a watan Nuwamba na 2013. Dokar ta fifita, wajen rabon tallafin yaƙi da asma, jihohin da suka wajabta ajiye adirenalin a makarantu, suka horar da ma'aikata, kuma babban lauyan jihar ya tabbatar da cewa dokokinsu na kare ma'aikatan daga ƙarar diyya. Ajiye allurar da ba ta wani ɗalibi takamaimai ba yana da hujja, domin wani bincike da aka wallafa a 2005 kan makarantun jihar Masachusets ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa allurar ba a san suna da lalurar ba sai a ranar.

Ingila kuwa ta bi wata hanyar. Tun daga watan Oktoba na 2014 aka yarda makarantu su sayi abin shaƙa na masu asma ba tare da takardar likita ba, a Oktoba na 2017 kuma aka ƙara da allurar adirenalin. A can ba a tilasta wa malami ba da magani, amma ƙa'idar gwamnati ta buƙaci makaranta ta tanadi inshorar da za ta tsaya wa ma'aikacin da ya ɗauki nauyin.

Iyakar kariyar

Kada mai karatu ya ɗauka cewa waɗannan dokoki sun sakar wa malamai mara su yi yadda suka ga dama. Kariyar tana kan wanda ya yi aiki da kyakkyawar niyya, bisa horon da aka ba shi da tsarin da makaranta ta shimfiɗa. Ba ta rufa wa mai ganganci asiri, ba ta kuma mayar da malami likitan da zai rubuta magani da ra'ayin kansa. Maganin yau da kullum, ko da na ciwon kai ne, ƙa'idarsa ita ce rubutaccen izinin iyaye, da barin magani cikin kwalinsa na asali, da rubuta rana da lokaci da adadin da aka bayar.

Kammalawa

Dokokin da aka ambata suna aiki ne a ƙasashen da suka kafa su, kuma hukunci yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ya kamata kowane shugaban makaranta ya nemi sanin ƙa'idar yankinsa daga ma'aikatun ilimi da lafiya. Amma jikin ɗan'adam iri ɗaya ne ko'ina, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ke da rajistar ɗalibai masu lalura, da takardun izinin iyaye, da malaman da suka san alamomin anafilaksis, da hanyar kai yaro asibiti mafi kusa, ta kare ɗalibanta, ta kuma kare malamanta. Su ma ɗalibai, wanda ya ga leɓen abokinsa ya kumbura ko numfashinsa ya sarƙe bayan cin abinci ko harbin ƙudan zuma, to ya sanar da malami nan take.