Kwaɗo na Biyu a Ƙofar Asusun Gem

A unguwannin cikin badalar Kano, daga Mandawari zuwa Yakasai, da an idar da sallar isha'i za ka tarar da samari jere a kan dakali, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ana fafatawa a Free Fire ko PUBG ko Call of Duty. Wani ya yi shekaru yana renon asusunsa, ya narka kuɗin data da na sayen kayan yaƙi, har asusun ya zama kadara, a taya a sallama. Amma abin da ke gadin wannan dukiya kalmar sirri ce tilo, ita ma sau da yawa lambar wayar mai asusun ce.

Shi ya sa kamfanoni suka kawo kwaɗo na biyu: bayan kalmar sirri, sai ka shigar da wasu lambobi. Yawancinmu ta saƙon tes muke karɓarsu, kuma nan gizo ke saƙa. Wanda ya ƙwace maka waya a Kano ya tafi da layinka, saƙon kuwa layi yake bi, ba mai layi ba. Layin da aka daɗe da yasarwa ma, kamfani kan sake sayar da shi ga wani.

Manhajar tantancewa ba ruwanta da layi. Ranar da ka kunna ta, shafin gem ɗin zai nuna maka hoton QR, wanda a cikinsa akwai mabuɗin sirri. Manhajar takan haɗa mabuɗin nan da agogon wayarka ta fitar da lambobi 6, su sauya duk bayan daƙiƙa 30. Can ma kwamfutar kamfanin lissafin da take yi ke nan; in amsa ta zo ɗaya, a buɗe maka. Ba ta neman data, ba ta neman sabis. Agogo dai ya zama daidai. Da yawa masu kukan manhaja ta lalace, saitin lokacin wayarsu ne ya goce.

To mai wayar da ba a yayinta fa? Mai Tecno ko Infinix ko itel, Play Store zai shiga ya sauke Google Authenticator, shi ke nan. Mai sabuwar Huawei kuwa, tun takunkumin Amurka na 2019 aka raba shi da Play Store. Abin da ya cece shi, wannan lissafi ba mallakin Google ba ne. Ƙa'ida ce buɗaɗɗiya da aka wallafa a 2011, kowa na iya gina manhaja a kanta. Aegis da FreeOTP duk suna nan a rumbun F-Droid, kuma lambobin da za su ba ka su ne dai na Google. Epic Games, masu Fortnite, kowacce ka kawo za su karɓa.

Masu taurin kai su ne irin su Steam. Tun 2015 suka ce sai manhajarsu, wadda a yau Android da iPhone kawai take yi wa aiki, kuma wanda bai da ita, in zai yi musayar kaya sai a riƙe kayan har kwana 15. A ganina wannan hukunta mutum ne a kan wayar da aljihunsa ya iya saya.

'Yan Free Fire da PUBG, ku lura: asusunku galibi a jikin Facebook ko Google yake rataye, don haka can za ku sa kwaɗon.

Sai maganar ɓatan waya, ko kai ta gyara kasuwar Farm Centre a yi mata filashin, manhaja ta tafi da mabuɗanta. Tun 2023 Google Authenticator na iya adana su a asusunka na Google. Duk da haka, lokacin saiti akwai dogayen haruffa a gefen hoton QR, akwai kuma lambobin ko-ta-kwana. Kwafe su da biro a takarda, ka adana a gida. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari a cikin wayar, kuma duk wanda ya kira ka yana neman lambobin nan 6, ko da ya rantse daga kamfanin gem yake, kashe wayarka.