Kinfin da tantebur: ƙarfen da ke riƙe da tirela, da yadda ake gane lokacin gyara ko sauya shi

Duk wanda ya bi ta Singa ko Kantin Kwari da sassafe ya saba ganin tireloli a jere ana sauke kaya, 'yan dako na kai-kawo, Adaidaita Sahu na kutsawa ta gefensu. Da yawa daga cikin kayan da ke cika shagunan Sabon Gari da titin Beirut, irin su batiran sola, inbata, talabijin da kwalayen caja, a bayan waɗannan motoci suke yin tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano.

Tirela mota biyu ce aka haɗa: kai, inda inji da direba suke, da kuma bodi mai ɗaukar kaya. Abin da ke riƙe da su wani guntun ƙarfe ne wanda kaurin wuyansa milimita 50.8 ne, bai ma kai faɗin wayar da ke hannun mai karatu ba. Idan wannan wuya ya cinye da milimita 1.8, wato kaurin katin ATM biyu da ɗan ɗori, masu ƙera shi sun ce aikinsa ya ƙare. Ido ba ya iya ganin wannan bambanci, sai an auna.

Yadda mahaɗar take aiki

A bayan kan mota akwai wani babban faranti na ƙarfe mai siffar kofaton doki, da tsaga a bayansa. Shi ne makanikai ke kira tantebur. A ƙarƙashin gaban bodi kuma akwai shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai santsi, daga tsakiyarsa wani turke ya leƙo ƙasa. Wannan turke shi ne kinfin.

Idan direba ya yi baya da kai, kinfin yakan bi tsagar har ya isa tsakiyar faranti. A nan wata ƙugiya take zagaye wuyansa, sai sakata ta faɗo a bayan ƙugiyar ta hana ta buɗewa, sifirin kuma ya riƙe sakatar. Hannun da ke gefen faranti shi ake ja a zare sakatar idan za a raba motar, kuma yana da ɗan makulli da ke hana shi fita da kansa.

Aikin ya kasu biyu. Nauyin gaban bodi a kan faranti yake zama. Ja da birki da kwana kuwa duk ta wuyan kinfin suke bi. Kwantena mai ƙafa 40 na iya kai kilo 30,480 idan ta cika, siminti buhu 600 kuma tan 30 ne. Duk sanda direba ya tashi mota ko ya taka birki a cunkoson titin Murtala Mohammed, wannan nauyi yana fizgar wuyan kinfin gaba ko baya.

Fasahar ta haura shekara ɗari. A 1914 wani maƙeri a birnin Detroit na Amurka, August Fruehauf, ya ƙera bodin da ake ɗora gabansa a bayan mota domin wani ɗan kasuwar katako ya ja jirgin ruwansa. A yau girman kinfin yana da ma'auni na duniya, shi ya sa kan DAF ko MAN ko Howo ke iya ɗaukar bodin da wani kamfani daban ya ƙera. Girma biyu aka fi sani: inci 2, wanda shi ne na yawancin tireloli, da inci 3.5 na motocin da ke ɗaukar manyan injuna. Ba a haɗa kinfin mai inci 2 da tantebur na inci 3.5, domin ƙugiyar ba za ta kama shi da kyau ba.

Abin da ke cinye ƙarfen

Na farko shi ne rashin giris. Ƙarfe biyu ne ke gugar juna a ƙarƙashin tan-tan na kaya. Idan faranti ya bushe, sitiyari yakan yi tauri a kwana, bodi ya riƙa tura kai inda direba bai nufa ba.

Na biyu ƙura ce. A lokacin hunturu ƙurar Kano tana manne wa tsohon giris, su haɗu su zama kamar sanfefa. Ƙara sabon giris a kan tsohon ba ya magance wannan, sai an kankare an wanke tukuna.

Sauran su ne lodin da ya wuce kima, ramukan hanya, da shigar da kai ƙarƙashin bodi da gudu har kinfin ya daki ƙugiya. Da zarar ɗan sarari ya samu tsakanin kinfin da ƙugiya, kowane birki ya zama duka, dukan kuma yana ƙara faɗaɗa sararin. Shi ya sa cin yake farawa a hankali, daga baya ya yi sauri.

Alamomin da ba a raina su

Direba ne ke fara ji. Ƙarar “gau” daga baya idan an tashi mota ko an taka birki tana nufin akwai wasa a mahaɗar. Hannun tantebur da ke wahalar ja, ko wanda ba ya komawa ciki gaba ɗaya, alama ce ta sifirin da ya saki ko sakatar da ta lanƙwashe. Idan aka raba motar aka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a cikin giris, ko zurfafan layuka a kan faranti, ko tsatsa mai launin ja tana fitowa daga gindin noti, to wani abu yana motsi inda bai kamata ba. Tsagewa kuwa, komai ƙanƙantarta, ta isa a ajiye motar.

Yadda ake aunawa

Kayan aikin ba su da yawa: tsumma, kananzir ko dizal na wankewa, da ma'aunin kauri na dijital da ake kira kalifa, mai nuna lamba a ɗan allo. Kafin komai ana ajiye motar a wuri mai lebur, a ja birkin bodi, a sa waigi a tayoyi, a sauke ƙafafun bodi, sannan a cire kai.

Kamfanin JOST na Jamus, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera waɗannan kaya, ya ba da iyaka kamar haka. A kinfin mai inci 2, wuya yana zuwa da milimita 50.8, kuma ba a barinsa ya yi ƙasa da 49. Kafaɗar da ke samansa tana zuwa da 73, iyakarta 71. A mai inci 3.5, wuya yana farawa da 89, iyakarsa 86. Ba a aunawa ta gefe ɗaya kawai, domin kinfin ya fi cinyewa ta gaba da baya, inda ja da birki ke bugawa. Ana zagaya shi da kalifa, lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce ake ɗauka.

Ana kuma duba ko kinfin ya karkace, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a ƙarƙashin bodi a ga ko shimfiɗar ta lotsa. Sabon kinfin a jikin shimfiɗar da ta lotsa ba zai zauna daidai a cikin ƙugiya ba.

Wayar hannu na da amfani a nan. Hoton lambar da kalifa ta nuna yana zuwa da kwanan wata, don haka mai mota zai iya kwatanta awon yau da na wata uku baya ya ga saurin cin. A jikin tantebur kuma akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfani da samfuri. Ɗaukar hotonsa kafin a tafi Ƙofar Ruwa neman kaya yana hana a sayo abin da ya yi kama amma bai dace ba.

Abin da ake gyarawa

Ba kowace matsala ce ke sa a sayi sabon tantebur ba. An ƙera shi ne yadda sassan da ke cinyewa za su fita. Kamfanoni irin su JOST da SAF-Holland da Fontaine suna sayar da kunshin gyara mai ɗauke da ƙugiya, sakata, sifirin da zoben da kinfin ke jingina da shi. Ana sauya su tare, domin sabuwar ƙugiya da tsohuwar sakata ba sa zama daidai. Robobin da ke ƙafafun faranti, waɗanda ke ba shi damar sunkuyawa gaba da baya, su ma ana sauya su idan sun mutu.

Yawancin tantebur suna da noti na saiti da ke rage ɗan wasan da ke tsakanin ƙugiya da kinfin. Ana yin saitin ne da kinfin mai lafiya. Idan aka matse ƙugiya a kan wanda ya riga ya cinye, ranar da motar ta ɗauki wani bodi mai sabon kinfin sakatar na iya ƙin rufewa gaba ɗaya.

Abin da ba a gyarawa

Kinfin da ya wuce iyaka, ko ya tsage, ko ya karkace, sauya shi ake yi. Haka ma farantin da ya tsage. A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin mai mota da bakanike, domin walda ta fi araha kuma mota za ta koma hanya a ranar. Sai a cike wurin da ya cinye da walda, a goge da injin gurza har ya yi kyau a ido.

Matsalar tana cikin ƙarfen. Kinfin an buga shi ne da matsi mai ƙarfi, aka gasa shi aka sanyaya bisa ƙa'ida domin ya yi tauri ba tare da ya zama mai karyewa ba. Zafin walda yana rusa wannan tsari a kewayen inda aka taɓa. Wani wuri ya yi laushi, wani ya yi tauri irin na gilashi, ƙananan tsagu su ɓuya a ƙarƙashin sabon ƙarfen. Kalifa za ta nuna 50.8, amma ƙarfin farko ya tafi, kuma irin wannan kinfin ba ya ba da sanarwa kafin ya karye. Saboda haka masu ƙera shi suka hana gyara shi da walda. Hukuncin ɗaya ne ga ƙugiya da sakata.

Sauyawar ba ta da wuya a yawancin bodin ƙirar Turai, inda noti takwas ke riƙe da kinfin a cikin wani kasko. Ana kwance su, a wanke mazaunin, a sa sabon kinfin da sababbin noti, a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Tsofaffin noti ba a mayar da su. Akwai kuma bodin da kinfin ɗinsa a like yake da shimfiɗa tun daga masana'anta. Wannan sai an yanke an sa sabo, aiki ne na ƙwararren mai walda da ya san ƙa'idar kamfanin.

Wanda zai sayi na hannu, wato Beljiyam, ya je da kalifarsa. Ya duba tambarin kamfani da lamba a jikin ƙarfen, ya guji wanda aka yi wa sabon fenti ko wanda wuyansa ke da alamar gurza.

Gwaji bayan an haɗa

Ko da komai sabo ne, bodi na iya rabuwa da kai idan haɗin bai kama ba. Ya kan faru idan bodi ya yi sama da yawa, kinfin ya hau kan ƙugiya maimakon ya shiga cikinta. Direba zai ji ƙara kamar ta kama, motar ma za ta iya tafiya kaɗan kafin bodi ya zame.

Abu uku ake dubawa. Kada a ga haske ko sarari tsakanin faranti da ƙasan bodi. A haska fitilar waya cikin tsagar daga baya a ga sakata ta rufe a bayan kinfin, amma sai an kashe mota an ja birki, direba kuma ya san akwai mutum a wurin. Hannu ya koma ciki, makullinsa ya faɗa. Bayan haka direba ya bar birkin bodi a ɗaure, ya sa giya ta ɗaya ya ɗan ja gaba sau biyu. Idan kai ya ƙi matsawa, haɗi ya kama, sai a ɗage ƙafafu gaba ɗaya.

Tiyon iska biyu da ke tsakanin kai da bodi su ne kariya ta ƙarshe. A motocin Turai ja ne da rawaya, a na Amurka irin su Mack ja ne da shuɗi. Idan bodi ya ɓalle, jan tiyo yakan tsinke, birkin bodi ya kama da kansa. Wannan yana aiki ne kawai idan birkin bodin na da lafiya kuma ba a toshe layinsa ba.

Sababbin motoci sun fara zuwa da tantebur mai na'urorin ji, waɗanda ke nuna wa direba a allon gabansa ko kinfin ya shiga kuma sakata ta rufe. Na'urar tana gano haɗin da bai kama ba, amma ba ta auna cin ƙarfe, wannan har yanzu aikin kalifa ne.

Sau nawa ake dubawa

JOST ya ce a raba mota a wanke a sa sabon giris mai jure matsi kafin a wuce kilomita 5,000. Ga motar da ke zirga-zirgar Kano da Legas, wannan bai kai zuwa da dawowa uku ba. Cikakken bincike na cin ƙarfe da tsagewa da noti kuma duk kilomita 50,000 ko wata shida. Tunatarwa a kalandar waya ta isa ta riƙe wa yaron mota ko mai gareji wannan lissafi.

Masu babur da Adaidaita Sahu da masu tafiya a ƙasa a Fagge da Sabon Gari su ma abin ya shafe su. Kada a ratsa tsakanin kai da bodi ko da mota a tsaye take, kada kuma a manne wa bayan tirela a hawan gada. Wanda ya ga bodi ya ɓalle ko ya zauna a kan titi zai iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a lamba 122, ko layin gaggawa na 112, ya faɗi sunan titin da wata alama da ke kusa.